Wakenmu a buɗaɗɗen buhu yake, a ina za a manna alamar GMO?

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina gaishe ka da aiki, kai da sauran ma'aikatanka. Daga Kumasi nake rubuto wannan wasiƙa. Sana'ata awon wake a kasuwar Asawase. Na gaji rumfar wurin mahaifiyata bayan na bar koyarwa a firamare, kuma saboda ɗan bokon nan ne matan ƙungiyarmu ta 'yan wake suka ɗora mini rubutu. Duk takardar da ta shafi hatsi ni ake miƙo wa in karanta, in juya ta da Hausa ko Tuwi, haka nan duk taron da aka ce a turo mutum ɗaya ni ake turawa. Da yawun kaina nake magana a nan, amma na san da yawa daga cikinsu za su ce haka ne.

A waya muke karanta jaridarku, kuma muna bin cacar bakin da ake yi a Najeriya kan abincin da aka sauya wa ƙwayar halitta, wato GMO, musamman tun da aka amince da masarar TELA a farkon 2024. To, mu ma abin ya iso mu, kuma ta ƙofar wake ya shigo. Akwai wata tsutsa da ake kira Maruca mai shiga furen wake da kwansonsa tun yana ɗanye. Shekarar da ta yi yawa takan lashe har kashi 80 cikin 100 na abin da gona za ta bayar. Manomin arewacin Ghana, daga Tamale har Bawku, ba shi da abin yi sai feshi, sau shida ko takwas a damina guda. Sai masana suka ɗauko ƙwayar halitta ɗaya daga wata bakteriya mai zama cikin ƙasa, wadda ake taƙaita sunanta da Bt, suka dasa ta a cikin wake, ya zama shukar da kanta ke fitar da abin da ke kashe tsutsar idan ta ci. A Ostireliya aka yi dasawar. Ƙwayar daga kamfanin Monsanto ta fito, ta hannun gidauniyar AATF da ke Nairobi, ba tare da an ɗora kuɗin mallaka ba. Ku kuka riga mu: Najeriya ta amince a 2019, cibiyar binciken gona ta Samaru a Zariya ta fitar da irin da sunan SAMPEA 20-T. Namu kuwa cibiyar SARI da ke Nyankpala kusa da Tamale ce ta yi shekaru tana gwada shi a killatattun gonaki, hukumar NBA mai sa ido kan irin wannan fasaha ta ba da izini a Yunin 2022, aka ƙaddamar da shi a Yulin 2024 da sunan Songotra-T. Shi ne amfanin gona na farko na GMO da aka yarda manomin Ghana ya shuka, kuma masu shi sun ce feshi biyu ya ishe shi.

Ba salin-alin aka kawo nan ba. Tun 2015 ƙungiyar Food Sovereignty Ghana ta garzaya kotu, aka yi shekara tara ana ja, sai a 2024 babbar kotu a Accra ta kori ƙarar. Amma a cikin hukuncin ta ce a riƙa sa alama a kayan GMO da ke kasuwa, a kuma wayar da kan jama'a. Nan kowa ya sami abin riƙewa. Masu goyon baya suka ce sun yi nasara, masu adawa suka ce ai ko ba komai an ba su alama.

Ni kuma tambayata ke nan: a jikin me za a manna ta?

An taɓa gayyatata wani taron wayar da kai a wani otal a nan cikin gari. Da Turanci aka yi shi daga farko har ƙarshe. Aka haska mana hotuna a bango, kwalin hatsin karin kumallo, kwalbar man girki, gwangwanin masara, kowanne da ɗan rubutu a gefensa. Aka gaya mana yadda Tarayyar Turai ta wajabta alama tun 2003, da zarar abin da aka sauya ya haura kashi 0.9 cikin 100 na kowane haɗi. Aka ce Afirka ta Kudu, inda akasarin farar masarar da talaka ke tuwo da ita GMO ce, ta tsaya a kashi 5. Aka ce Amurka ta daɗe tana ƙi, jihar Kalifoniya ma ta kaɗa ƙuri'a a 2012 masu son alama suka sha kaye, sai a 2016 aka yi dokar tarayya, ta fara aiki sosai a 2022, ita ma ta bar wa kamfani zaɓin ya sa wani ɗan zane da sai ka haska da waya kafin ka san abin da ke ciki. Duk na rubuta a littafina. Da aka zo tambayoyi na ɗaga hannu na ce, ranka ya daɗe, mu wakenmu ba ya zuwa a kwali. Aka yi dariya, mai jawabin ya ce tambaya ce mai kyau, aka tashi cin abinci.

Bari in nuna wa masu karatu hanyar da ƙwayar wake ke bi kafin ta faɗa tukunyar waakye, wato dafa-dukan shinkafa da wake na Ghana, domin a nan ne maganar take. Manomi a ƙauye ya casa wakensa, matarsa ta ɗebi kwano uku ko biyar ta kai kasuwar ƙauye don ta sayi gishiri da sabulu. Akwai mai tarawa zaune da buhu a buɗe, yana karɓa daga wannan, yana karɓa daga waccan, yana juyewa wuri ɗaya. Kafin buhu ɗaya ya cika, waken gona goma ko fiye ya shiga ciki. Abin da yake dubawa fari ne ko ja, babba ne ko ƙarami, ya bushe ko da saura. Ya ɗinke baki, ya yi wa buhun alamarsa da gawayi ko fenti, harafi biyu, don kada ya ɓace a mota. Daga nan sai Tamale, ko Techiman, ko Ejura. A can dillali kan farke buhunan ya sheƙe, ya cike wanda ya rame da wani, ya sake ɗinkewa a buhun da aka taɓa zuba taki ko shinkafa ko abincin kaji. Wani waken kuma daga Burkina Faso yake, wani daga Nijar, wani daga Najeriya ta Togo, domin abin da Ghana ke nomawa ba ya isar ta. Mota ta sauke mana da asuba, 'yan kaya su shigo da shi, in naɗe bakin buhu in kafa olonka, gwangwanin da muke awo da shi, a kai. Mai waakye ta aiko yarinya da roba, mai ƙosai ta zo da kanta, mai tubani ta ce a auna mata rabi. Su kuma a ganye ko leda za su sayar wa ɗan makaranta da direban motar haya ta trotro. Daga gona har bakin mai ci babu inda takarda ta raɓi waken nan. Haka kusan duk Zongo, unguwannin Hausawa da sauran baƙi, ke ci, haka kusan duk Ghana ke ci. Idan an ce alama, kuma abin da ake nufi rubutu a jikin kwali, to an yi wa masu tura keken sayayya a manyan shaguna doka, an bar mu.

Kuma da ido ba a gane shi. Songotra-T daga tsohon irin Songotra aka fitar da shi, wanda manoma suka daɗe da sani, fari mai baƙin ido. Wake kuwa shuka ce mai barbarar kanta, abin da ka girbe bana idan ka ajiye ka shuka baɗi irinsa zai fito. Manomi zai ba ƙaninsa kwano ɗaya, ƙanin ya ba surukinsa, kafin damina uku ya zaga ƙauyuka ba tare da wanda ya shuka ya san sunansa ba. Na Najeriya ma da ya shekara da shekaru a hannun manoma, babu shingen da zai hana shi biyo motocin da ke kawo mana kaya.

Abin da ya sa na damu shi ne ni ake tambaya. Akwai wata dattijuwa mai waakye a Aboabo, tun zamanin mahaifiyata take saye a rumfarmu. Idan ta zo ba ta gaggawa. Ta tura hannu har gwiwar hannu cikin buhu ta ɗebo na ƙasa, ta shinshina, ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta gatsa da haƙorin gaba ta ji ƙararta, ta watsa sauran a tafin hannu tana neman huji. Daga wannan ta san ko sabo ne, ko an yi masa magani, ko zai cinye mata gawayi kafin ya nuna. Kwanakin baya ta gama duk wannan, sai ta ɗago ta ce, "Hajiya, tsakaninki da Allah, wannan ba waken Turawan nan ba ne da ake faɗa a waya?" Na ce, "Mma, daga Techiman aka kawo shi, dillalina ya ce na Burkina ne." Ta ce, "Ba abin da na tambaye ki ba ke nan." Gaskiyarta. Duk gwanintar hancinta da haƙorinta ba ta kai nan ba, tawa ma haka. A kasuwa irin tamu bakin mai awo shi ne alama, amma an bar bakin nan babu abin da zai faɗa.

Mu Musulmi mun san hadisin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani mai sayar da tsibin abinci, ya sa hannu ciki ya ji danshi, ya tambaye shi don me bai sa jiƙaƙƙen a sama ba don mutane su gani, sannan ya ce wanda ya yi algus ba ya cikinmu. Bai ce a zubar da abincin ba, cewa ya yi a nuna. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, in ya ga dama ya saya. Abin da ba na so a mayar da ni mai cinikin biri a sama, in karɓi kuɗin mutum a kan abin da ni da shi duk ba mu gani ba.

Kada a ɗauka ina cikin masu cewa guba ce. Ba na ciki, kuma zan faɗa ko da wasu ƙawayena za su ji haushi. Ana yawo da saƙon murya a WhatsApp ana cewa waken nan yana hana haihuwa, wai an ƙirƙiro shi ne don a rage Baƙar fata. Mai maganar ba ya faɗin sunansa, ba ya faɗin asibitin da aka gani. Tun 1996 ake noma irin waɗannan amfanin gona a manyan gonaki. Fiye da kashi 90 cikin 100 na waken suya da masarar Amurka irinsu ne, kuma ba a daina suna a can ba. A 2016 majalisar manyan masana kimiyya ta Amurka ta duba bincike sama da 900 ta ce ba ta ga shaidar cewa sun fi na gargajiya haɗari ga lafiya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce waɗanda ke kasuwa sun tsallake gwaji, tare da sharaɗin cewa kowane sabo a auna shi shi kaɗai. Ita kanta bakteriyar Bt an daɗe ana fesa ta a gonaki a matsayin maganin ƙwari tun kafin a san dasa ƙwayar halitta. Wadda ta tambaye ni ko da alade a ciki, na ce mata daga ƙwayar cikin ƙasa aka ɗauko, babu ruwansa da dabba. Sannan mu daina yaudarar kanmu, mun daɗe muna ci ta bayan gida. Daskararrun kajin da ake shigo da su daga Brazil da Amurka da Turai, waɗanda muke soyawa ranar biki, da me aka kiwata su in ba waken suya da masara ba? A farkon 2024 ma hukumar NBA ta amince da shigo da nau'i 14 na masara da waken suya na GMO don abinci da abincin dabbobi da sarrafawa, ba don shuka ba.

Amma ba na yi wa masu tsoro dariya. Mutanenmu ba haka kawai suka zama masu zargi ba. Wanda ya san abin da ya faru a Kano a 1996, lokacin annobar sanƙarau, da aka yi gwajin maganin Trovan da yara kimanin 200, aka ba kusan rabinsu shi, da yadda ƙurar wannan ta taimaka wajen ƙin rigakafin shan inna a 2003, ya san cewa abin da aka yi a ɓoye yakan dawo da tsada. Shi ya sa nake mamakin masu goyon bayan GMO da ke ƙin alama, suna cewa za ta tsorata mutane. Shirun ne ke tsorata su. Idan da gaske waken nan feshi biyu aka yi masa maimakon takwas, ai abin talla ne. Ni da kaina zan ɗaga murya in ce ga mai ƙarancin magani, kuma na san waɗanda za su saya.

Akwai kuma ranar da abu zai ɓaci, ko da ba ta fuskar lafiya ba. Maƙwabtanmu na Burkina Faso sun rungumi audugar Bt a 2008, ta yi maganin tsutsa kamar yadda aka yi alkawari, manoma suka rage feshi. Sai ga zarenta ya gajarce, darajar audugar ƙasar ta faɗi a kasuwar duniya, a 2016 suka yi watsi da ita, kamfanonin audugarsu suka nemi diyyar sefa biliyan 48. Sun iya gano inda matsalar take ne saboda auduga tana da rajista, an san wa aka ba wane iri. Wake fa? A ce wani sabon iri ya zo yana da taurin dahuwa, ko ƙosansa ba ya tashi, ko ba ya ɗaukar jan karan dafi yadda mai waakye ke so. Ko a ce akasin haka, ya fi kowane daɗi. A gauraye babu wanda zai iya yabonsa, babu wanda zai iya kuka da shi. Kuma ranar da jita-jita ta kama wuta, ba za ta tsaya tantancewa ba, wake ɗaya ke ɓata gari. Mun ga haka a 2015 da hukumar FDA ta Ghana mai kula da abinci da magunguna ta gano ana zuba jan rini mai suna Sudan a cikin manja a kasuwannin Accra. Masu gaskiya da masu ha'inci tare suka yi zaman kashe wando, don mai saye ba shi da hanyar bambancewa.

Yanzu ga abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, wanda ban ji masu muhawarar nan, na can da na nan, suna ɗagawa ba. Bt tsutsar gona yake kashewa. Ba ya taɓa ƙwaron ajiya, wannan ɗan ƙaramin mai huda wake a cikin buhu ya mayar da shi gari cikin wata biyu ko uku. Wannan ƙwaron shi ne abokin gabar ɗan kasuwa, kuma yadda ake yaƙarsa ya kamata ya hana mu barci. Akwai ƙwayar hayaƙi da ake ƙullewa a tsumma a cusa tsakiyar buhu. Ƙa'idarta a yi ta a rufaffen sito nesa da mutane, a bar kwanaki, a buɗe iska ta kwashe, a cire tokar da ta bari. Amma sau da yawa na farke buhu na tarar da tsumman ya yage, farar tokar ta bi cikin wake, wari kamar na tafarnuwa ya daki hancina. Irin wannan ƙwayar ce ta kashe yara uku 'yan gida ɗaya a Accra a 2018, da iyayensu suka sa ta a ɗaki don maganin ƙwari. Akwai kuma masu yayyafa maganin ruwa kai tsaye a kan wake, na feshin gona ko na sauro, su juya da shebur su ɗinke. Wannan ba zargi ba ne: tun 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda yawan sinadarin dichlorvos da aka samu a ciki. Abin da Bature ya mayar daga tashar jirgin ruwa ba a teku ake zubar da shi ba, kuma wanda ba a taɓa nufin kai wa Bature ba babu ma mai auna shi.

Idan na ci karo da buhu irin wannan nakan shanya shi a rana in sheƙe, in gaya wa mai saye ta wanke sosai, wani lokaci in mayar wa dillali mu yi ta rigima. Iyakar ƙarfina ke nan. Saboda haka idan za a yi wahalar bin buhu don a rubuta masa GMO, rashin hankali ne a tsaya nan. Hannun da zai rubuta sunan iri shi zai rubuta ranar da aka sa magani da sunan maganin. Uwar da ke tambayata ko wake na Turawa ne, abin da take nufi a zuciyarta shi ne ko zai cuci 'ya'yanta, kuma amsar gaskiya ta fi rataya a kan tsumman nan fiye da ƙwayar halittar.

Za a ce ba zai yiwu ba a kasuwa irin tamu. Na yarda ba zai yiwu a bi kowane kwano daga kowace matar manomi ba. Amma ba a rasa inda za a kama. Irin Songotra-T ba daga sama yake faɗowa ba, kamfanonin iri masu rajista ne ke sayar da shi, an san gundumomin da ya shiga, an san ƙungiyoyin manoman da suka karɓa. A haɗa iri da buhu. Wanda ya sayi iri a ba shi buhuna masu launi na daban da hoto babba da ko wadda ba ta yi makaranta ba za ta gane daga nesa, da rubutu da Hausa da Dagbanci da Tuwi, ba Turanci kaɗai ba. In son samu ne ma buhun ya zama irin na PICS, mai leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro don wake. Idan aka ɗaure shi da kyau iska ba ta shiga, ƙwaro ya mutu da kansa, babu buƙatar ko ƙwaya ɗaya ta magani. Waɗanda suka gwada shi a cikinmu sun san yana aiki, tsadarsa ce da ɓera ke hana mutane. A nan ne tallafi zai yi amfani, maimakon kuɗin otal da shinkafar taro.

Buhun da aka gauraya kuma a kira shi da sunansa, a ce gauraye ne, mai yiwuwa da GMO a ciki. Wannan ma bayani ne, kuma ya fi rantsuwar ƙarya. Don a kama mai ha'inci akwai ɗan tsinken gwaji da ake tsomawa a cikin niƙaƙƙen wake da ruwa, cikin 'yan mintoci layi ya fito ko kada ya fito, kamar gwajin zazzaɓin cizon sauro da ake yi a kemis. Ba sai an auna kowane buhu ba. A ajiye shi a manyan mahaɗa, Tamale da Techiman da Ejura da nan Kumasi, a riƙa ɗauka jefi-jefi, dillalai za su shiga taitayinsu. Muna da jami'ar KNUST a cikin gari, muna da cibiyar binciken amfanin gona a Fumesua, ba a rasa yaran da suka iya. Ni kuma a bakin buhuna in kafa ɗan allo. Wannan ba baƙon abu ba ne, dokar Turai da aka karanta mana ma ta ce abincin da ba a ƙunshe ba a rubuta bayaninsa a inda aka baje shi, sai dai mai jawabin bai kai wannan layin ba.

Sai dai kada a fara da tara. Na san halin abinmu: a yi doka a Accra, a wayi gari jami'i ya zo da rasit ya kama matar da ke ƙarshen layi, wadda ba ita ta shuka ba, ba ita ta tara ba, ba ita ta ɗinke buhu ba. Nauyin ya fara daga mai iri ya gangaro. A zauna da magajiyoyin kasuwa da shugabannin dillalai, su ne ke iya cewa daga yau buhu marar alama ba ya sauka a nan, kuma a ji. A shiga gidajen rediyon Zongo da Hausa, a buɗe waya mutane su yi tambaya a ba su amsa, a je wa limamai kafin jita-jita ta riga zuwa.

Akwai ɓangaren da nake tare da masu adawa, shi ne maganar mallakar iri. Yau an ce Songotra-T babu kuɗin mallaka, manomi na iya ajiye irinsa, madalla. Amma a 2020 Ghana ta yi dokar kare haƙƙin masu ƙirƙirar iri, wadda masu suka suka daɗe suna kira dokar Monsanto, kuma tana da hukunci mai tsanani har da ɗauri. Irin da zai zo gobe ba lalle ya zo da sharaɗin na yau ba. Nan ma alama kariya ce, domin manomi yakan sayi iri ne daga buhun kasuwa idan nasa ya ƙare, daga irin rumfata. Yana da haƙƙin sanin abin da zai binne a gonarsa. Wanda kuma yake son ya riƙe tsohon irin kakanninsa tsantsa, ko yana da mai saye a waje da ya ce ba ya son GMO, ba zai iya ba in komai ya cakuɗe.

Roƙona gare ka, Malam Edita, tunda ku kuka riga mu da shekaru: ka tura wakilinka kasuwar Dawanau a Kano, kada ya tsaya a ofis. Ya shiga layin 'yan wake ya tambayi dillalai ko SAMPEA 20-T yana zuwa musu a buhu na daban, ko suna gane shi, ko farashinsa ya bambanta, ko masu ƙosai da alale suna neman sa ko suna gudunsa. Ya tambayi masu lodin motocin da ke zuwa Ghana ko akwai takardar da ke bin kayan. Abin da ya samo ku buga mana, zan karanta wa matan ƙungiyarmu a zamanmu, in kuma kai wa waɗanda ke shirya mana tarurruka a otal.

Na gode da ba ni fili. Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Taku,
Mai awon wake, kasuwar Asawase, Kumasi, Ghana